Tsohuwar bindigar Jamus a gidajen Kurfai: Yadda za ka gane shekarunta kafin ka yanke hukunci a kanta

A wasu gidaje na Abala da Filinge da Sanam, idan dattijo ya rasu aka zo fitar da kayansa, akan tarar da wata doguwar aba naɗe cikin tsohon zane ko fatar akuya a ƙarƙashin gado. Bindigar farauta ce, wani lokaci mai baki ɗaya, wani lokaci mai baki biyu. Kusan kowace tana zuwa da labarinta: wai ƙirar Jamus ce, wai kaka ne ya dawo da ita daga yaƙi, wai ta haura shekara 100.

Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin magada. Ɗan da ke Yamai ya ce a sayar, na Kumasi ko Legas ya kira waya ya ce kada wanda ya taɓa, na gida kuma yana so ya gwada ta a kan zabbin daji. Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne, idan da gaske ƙirar Jamus ce, ƙarfen da kansa yana ɗauke da shaidar shekarunsa.

Ta ina ta iso Kurfai?

Taron Burusel na 1890 ya taƙaita shigar da bindigogin zamani cikin babban yanki na Afirka, kuma mafi yawan ƙasar Nijar ta yanzu na cikin wannan yanki. A zamanin mulkin Faransa talaka ba ya samun bindigar Turawa cikin sauƙi. Sarakuna da ma'aikatan gwamnati da tsoffin sojoji ne suka fi samun izini, sauran maharba kuma suka dogara da adaka ta maƙeran gida.

Bindigogin Turawa da suka fi yawo a ƙasashen da Faransa ta mulka na birnin Saint-Étienne ne, musamman Simplex da Robust na kamfanin Manufrance, sai na birnin Liège a Beljiyam, daga baya kuma Baikal ta Rasha. Ta Jamus ba ta kai su yawa ba, amma tana da hanyoyin shigowa. Jamus ta mulki Togo har 1914, Kamaru kuma har 1916, kuma Kurfayawa sun daɗe suna zuwa cirani da fatauci ƙasashen bakin teku. Wasu Turawan mulki ma sukan bar bindigoginsu ga waɗanda suka yi musu aiki.

Inda shaidar take

Kafin komai, a karya bindigar a tabbatar babu harsashi a ciki. Sannan a cire katakon da ke ƙarƙashin bututu, a raba bututun da jikin bindigar. A gindin bututun ta ƙasa ne ake buga ƙananan hatimai. A goge wurin da tsumma da ɗan mai kawai. Kankarewa da wuƙa ko yashi na share shaidar, kuma yana rage darajar bindigar.

Jamus ta kafa dokar gwajin bindigogi a 1891, ta fara aiki a watan Afrilun 1893. Tun daga lokacin, kowace bindiga sai an gwada ta da albarushi mai ƙarfi a gidan gwaji na hukuma kafin a kai ta kasuwa. Hatiman da ake gani su ne: kambin sarauta a kan harafin U, ma'ana an duba ta bayan gwaji; kambi a kan S, bututun harsashi mai 'ya'ya; kambi a kan W, bututun da aka matse bakinsa; kambi a kan G, bututu mai tsaga a ciki na harsashi guda. Kambi a kan V na nufin bindigar tana kanti tun kafin dokar ta fara aiki, wato ta girmi 1893.

Daga 1912 aka fara buga kambi a kan N, sau da yawa tare da kalmar “Nitro”, ga bindigar da aka gwada da albarushin zamani mara hayaƙi. Dokar 1939 ta maye gurbin kambin da mikiya a kan N.

Abin da ya fi taimako shi ne lambar wata da shekara. Gidan gwaji na Suhl, birnin da ya fi suna wajen ƙera bindigogin farauta a Jamus, ya fara buga ta a 1923, na Zella-Mehlis kuma ya riga shi. Idan ka ga 9.24 ko 924, an gwada bindigar a watan Satumban 1924. A lura, bayan yaƙin duniya na biyu Jamus ta Gabas ta sake amfani da tsoffin hatimai masu kambi, don haka kambi kaɗai ba ya nuna tsufa. Lamba kamar 558 na nufin Mayun 1958. A Jamus ta Yamma kuwa, ƙahon barewa alamar gidan gwaji na Ulm ce, kuma daga baya an koma rubuta shekara da haruffa, inda A ke matsayin 0, B ke matsayin 1, haka har gaba. HH ke nan 1977.

Sunan da ke ruɗar mutane

Da yawa suna ganin “Krupp” a jikin bututu sai su ce sunan maƙerin ke nan. Krupp na birnin Essen ƙarfen yake samarwa, kuma har maƙeran wasu ƙasashe sun yi aiki da shi. Idan ka ga haruffan ELG cikin zobe mai siffar ƙwai, a Liège aka gwada bindigar, ko da an rubuta Krupp a sama.

Sunan maƙeri yakan fito a kan doron da ke tsakanin bututu biyu ko a gefen bindigar. J.P. Sauer & Sohn da Merkel da Simson da Krieghoff duk daga Suhl suka taso. Adireshin ma yana nuna zamani: Sauer mai rubutun Eckernförde ba ta girmi 1951 ba, shekarar da kamfanin ya sake kafuwa a can. Wani lokacin kuma sunan da ke sama na mai kanti ne kawai.

Kada a yi gaggawar harbawa

Yawancin tsoffin bindigogin Jamus, musamman masu lamba 16, an yi musu mazaunin harsashi mai tsawon milimita 65, alhali harsashin da ya fi yawa a kasuwa yanzu milimita 70 ne. Zai shiga lafiya lau, amma idan ya tashi sai matsi ya ƙaru a cikin tsohon ƙarfe. Idan ba a buga 70 ba, a ɗauka gajeren mazauni ne. Bututun da ke da zane kamar igiyar ruwa kuma da murɗaɗɗen ƙarfe aka yi shi don albarushin dā, kuma tsatsa na iya cin sa ta ciki ba tare da ido ya gani ba. Irin wannan yana iya fashewa daidai inda hannun hagu ke riƙe.

Hukuma ba ta tambayar shekarunta

Abala ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 bayan an cire ta daga Filinge, kuma tana cikin yankunan Tillaberi da aka sa wa dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2017 saboda hare-haren 'yan bindiga a kan iyakar Mali. A irin wannan wuri, jami'in da ya tarar da bindiga a ɗaki takarda zai nema. Riƙe bindiga a Nijar na buƙatar izinin hukuma, kuma izinin da aka bai wa kaka da sunansa aka rubuta shi. Farauta ma tana da nata lasisin a ƙarƙashin dokar 29 ga Afrilun 1998.

Don haka masu gado su fara neman tsoffin takardu a cikin akwatin mamacin, su sanar da maigari, sannan su je wurin jandarma ko ofishin gunduma su ji matakin da ya dace. Wanda ba ya son riƙewa yana iya miƙa ta ta hannun hukumar CNCCAI, wadda aka kafa a 1994 don tattara makaman da ba su da izini. Sayar da ita ga baƙon da ya zo da kuɗi a hannu na iya jefa gida duka cikin tuhuma, domin ba a san inda za ta ƙare ba.

'Yan uwa na waje kuma kada su yi tunanin ketare iyaka da ita, ko su sa ƙanensu ya ɗauki hoto da ita ya saka a Facebook ko TikTok. Hoton hatiman kaɗai ya isa a karanta shekarar. A rubuta ta a takarda tare da sunan kaka da labarin da tsoffin gida suka riƙe, tun suna raye, a ajiye a inda ake ajiye takardun gona.