Gudu a Kan Duwatsu: Daga Goron Dutse Zuwa Obudu

Mutumin da ke kwana a Ɗorayi ya wuni a tsaye gaban inji a Sharaɗa, Chalawa ko Bompai, idan aka ce masa akwai masu biyan kuɗi don su yi gudu a kan dutse, dariya zai yi ya ce wahala ce ba ta ishe su ba. Amma wasan ya zama babbar harka. Tun 2003 ake tseren UTMB a garin Chamonix na Faransa, a ƙarshen watan Agusta. Ana zagaye dutsen Mont Blanc ne, kimanin kilomita 170, a ratsa Italiya da Suwizalan a dawo. Gwanaye kan gama cikin awa 20 ko kusa da haka, wasu kuwa sai sun kwana biyu a hanya. Cinikin garin ba a kan 'yan tseren kaɗai ya tsaya ba: da yawansu da mata da 'ya'ya suke zuwa, a kama masauki, a ci abinci, yara su yi yawon ganin duwatsu yayin da uba ko uwa ke can suna haki.

Wannan lissafin ne gwamnatin Kuros Riba ta yi zamanin Donald Duke, lokacin da ta fara tseren dutsen Obudu a 2005. Tafiyar ba ta wuce kilomita 11 da 'yan kai ba, sai dai hawa ne na kusan mita 800, kuma a lokacin na ɗaya yana tashi da dala 50,000. Yawancin kuɗin nan 'yan Habasha da Kenya suka kwashe.

Ba sihiri a ciki. Garin Iten na Kenya yana kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400, Bekoji ta Habasha, mahaifar Kenenisa Bekele da Derartu Tulu, ta fi haka. A irin wannan tudu iskar da ake shaƙa ba ta ƙosar da jiki kamar ta ƙasa, sai jiki ya ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini don ya rama. Wanda ya tashi a can, idan ya sauko, numfashinsa ya fi na kowa tsawo. A Najeriya ma, 'yan gudun dogon zango da suka yi fice da yawansu daga Filato suke, musamman yankin Pankshin.

Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, amma tana da Dala da Goron Dutse, kuma daga Ɗorayi zuwa Goron Dutse ta Kabuga ba wata tafiya ba ce. Ba dogayen duwatsu ba ne, don haka mai son horo maimaita hawan yake yi. Abin da sabon shiga bai sani ba shi ne, saukowa ta fi hawa ɓarna. A hawa huhu ne ke kuka. A sauka kuwa tsokar cinya ce ke taka birki a kowane taku, shi ya sa ciwon ba ya bayyana sai washegari ko jibi. Abin da ake buƙata shi ne gajeren taku, takalmi mai kama ƙasa, da fita bayan sallar asuba kafin rana ta buɗe, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi kan haura digiri 40. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara ganin likita.

Batun hutun iyali ne ya fi wuya. Bakano ba ya raina tafiya, amma tafiyarsa ta biki ce, ko gaisuwar mutuwa, ko fatauci. Ya kwashi iyali don kawai a je a ga dutse? Sai a tambaye shi wa ya rasu a can. Duk da haka, yaran da ke cika Dala da gidan zu lokacin sallah sun nuna sha'awar tana nan.

Wuraren zuwa kuma ba su yi ƙaranci ba. Akwai duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka yi haƙar kuza. Akwai duwatsun Shere a gefen Jos, masu tsayin sama da mita 1,800. Mai hali ya nausa Mambila a Taraba, ya ga gonakin shayi da shanu cikin hazo. A jihar ne Chappal Waddi yake, mita 2,419, dutse mafi tsayi a Najeriya.

Hanyar Jos daga Kano ta dajin Falgore take bi, don haka tafiyar rana ake yi, bayan an tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki. Kuma duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6, saboda haka rigunan sanyin yara da aka ninke bayan hunturu sai an fito da su ko da a watan Afrilu ne.