TAFKIN CADI DA KIFINSA: HAKKIN DA KE KAN JAMA'AR BAKIN RUWA

Duk wanda ya san Maiduguri ya san kasuwar kifi ta hanyar Baga. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta tashi daga nan shaƙe da banda, suna nufar Anaca da Inugu da Ibadan da Ikko. Kifin nan kuwa daga Tafkin Cadi yake fitowa, ta Baga da Doron Baga a Ƙaramar Hukumar Kukawa, wajen kilomita 200 arewa maso gabas da Maiduguri. Dubban gidaje ne ke ci daga wannan sana'a: masunta, da masu banda, da masu sassaƙa jirage, da fatake, da direbobi, har da matar da ke kasa kifi a bakin titi. Amma kifin da ake kamawa yau bai kai na da girma ba, irinsa ma ya ragu. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a dalilin haka, a rarrabe abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam da abin da hannunsa ya jawo, domin kowa ya san nasa rabo na gyara.

YADDA RUWA YA JA DA BAYA

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita 25,000. Tafki ne mai faɗi amma marar zurfi, saboda haka da zarar ruwan da ke shigarsa ya ragu kaɗan sai gaɓarsa ta ja baya da nisa. Wajen kashi 90 cikin 100 na ruwan kogin da ke zuba cikinsa daga Shari da Lagone yake zuwa, watau daga ruwan saman da ke sauka can kudu a ƙasashen Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Cadi. Kogin Komadugu Yobe, wanda ke tattaro ruwan Haɗeja da Jama'are, ɗan kaɗan yake kawowa.

Da farin nan na 1972 da 1973 ya auku, sai tafkin ya rabu biyu, na arewa da na kudu, wani tudu ya fito a tsakaninsu. Fari na biyu, na 1983 da 1984, ya fi na farko tsanani. A tsakiyar shekarun 1980 sararin ruwan bai kai kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a 1963 ba, sashen arewa kuwa ya riƙa ƙafewa ƙaf. Garin Baga, wanda a da ruwa ke dukan gindinsa, ya wayi gari a tudu. Babban aikin noman rani na Kudancin Cadi da ke Marte, wanda Hukumar Raya Kwarin Tafkin Cadi ta buɗe a 1979, shi ma ya tsaya cik don ruwa ya guje wa bakin magudanarsa.

Daga shekarun 1990 zuwa yanzu damina ta ɗan gyaru, hotunan tauraron ɗan Adam kuwa sun nuna ruwan ya daina raguwa, har yakan cika sosai a shekarun ambaliya irin su 2022 da 2024. Sai dai bai koma kamanninsa na da ba. Yawancinsa yanzu fadama ce mai ciyayi da ƙananan hanyoyin ruwa.

ABIN DA BA LAIFIN MASUNCI BA NE

Wajibi ne a faɗi gaskiya: ba masunci ne ya ƙafar da Tafkin Cadi ba. Fari ba ya shawara da kowa. Madatsun ruwa na Tiga, wanda aka gama a 1974, da na Challawa, na 1992, sun amfani Kano da manoman rani ƙwarai, amma sun rage ambaliyar da ke gangarowa fadamun Haɗeja da Nguru har zuwa Yobe, kuma ba mutanen Doron Baga suka gina su ba. Wannan nauyi ne na hukumomi, tun daga na jiha da na tarayya har zuwa Hukumar Tafkin Cadi ta ƙasa da ƙasa, wadda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka kafa ran 22 ga Mayu, 1964.

To, amma ragowar ruwa wani abu ne, abin da aka yi wa kifin da ya rage cikin ruwan kuwa wani abu ne daban. A nan ne hannun jama'a yake.

WADATAR DA TA RUƊI MUTANE

Lokacin da ruwa ya tsuke a 1973 da 1974, kifi ya taru a ɗan wuri, kama shi ya zama kamar tsintuwa. Masana sun ƙiyasta cewa a 1974 an kama wajen tan 200,000 a yankin tafkin, abin da ba a taɓa gani ba. Labari ya bazu, masunta suka yi ta kwararowa daga Kabi da Haɗeja da Binuwai, har da na ƙasar Mali, suka tarad da Buduma da Barebari da Kotoko waɗanda suka gaji wurin. Ga kuma ragar lailan, mai araha da ƙarko, ta riga ta maye gurbin ta zaren gargajiya. Mutane suka ɗauka arziki ne ya sauka, alhali kuwa jarin ake ci, ba riba ba. Bayan 'yan shekaru kamun ya faɗi. Kifayen sararin ruwa irin su giwan ruwa da tsage da faliya suka yi ƙaranci, cinikin salanga da ya yi suna ya durƙushe. Aka bar tarwaɗa da karfasa da bargi, masu jure ruwan fadama.

ƁARNAR DA BA TA DA MAI ITA

Da yayyafi kogi kan cika, in ji Hausawa. Haka ɓarnar ruwa take: babu ranar da za a nuna a ce yau aka yi ta, babu mutum guda da za a kama a ce shi ne. Ga hanyoyin da take bi.

Na farko, raga mai ƙananan idanu. Da manyan kifaye suka ragu, sai masunci ya rage idon ragarsa don kada ya koma gida hannu rabbana. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya rage nasa. A kwana a tashi har aka kai ga yin su da gidan sauro, wanda aka raba wa jama'a don tsare yara daga zazzaɓin cizon sauro. Irin wannan raga ba ta barin ko ɗan tsako. Kifin da aka kama kafin ya yi ƙwai ko sau ɗaya, an kama shi ne tare da dubban 'ya'yan da zai haifa.

Na biyu, dumba. Wannan ita ce jera gura ɗaruruwa a tare hanyar ruwa daga gaɓa zuwa gaɓa. A kowace shekara, in ruwa ya cika, kifi yakan bazu cikin ciyayi ya ci ya hayayyafa. In ruwa ya soma janyewa sai manya da ƙanana su biyo waɗannan hanyoyi su koma inda ke da zurfi. Dumbar da ba a bar mata ƙofa ba takan kwashe su gaba ɗaya. Mai dumba ya sami shekara guda ta wadata, masu kalli da mamari da ke bayansa su kwana da yunwa, baɗi kuwa shi kansa ya rasa abin tarewa.

Na uku, guba. Akwai masu zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a cikin ruwa don kifi ya taso, akwai kuma masu yayyafa shi a kan banda don tsare ta daga ƙwari. Gubar ba ta zaɓe: tana kashe ƙwai da ƙananan halittun da kifi ke ci, ta shiga cikin dabbar da ta sha ruwan, ta bi kwali har tukunyar miyar wani gida a Ikko. Sinadarin da ke cikin Gamalin yana daga cikin waɗanda Yarjejeniyar Istokholm ta sa a jerin haramtattu a 2009.

Na huɗu, itace. Ba a banda sai da wuta, kuma kowace tanda tana cin itace kullum. Mai sara yana ganin bishiya ɗaya ce ya kayar, amma masu sara dubu ne. Inda itatuwa suka ƙare iska takan kwaso rairayi ta cike hanyoyin ruwa, masu banda kuma su riƙa sayen itace da tsada daga nesa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan mutane da ya tashi da nufin ɓarna. Kowannensu yana da iyali, kuma hujjarsa ɗaya ce: in na bari, wani zai kama. Hujjar nan gaskiya ce muddin kowa shi kaɗai yake shawara. Saboda haka maganin ba ya hannun mutum ɗaya; yana hannun taron jama'a.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana kama kifi da nakiya ko guba ko wutar lantarki. Ta kuma hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, sai fa wasu ragogi na musamman da aka keɓe don kama ƙananan kifayen da ba sa girma. Tun kafin wannan, a watan Disamba na 1977, ƙasashen tafkin sun sa hannu a Inugu kan yarjejeniyar kare dabbobi da tsirran yankin, a 2012 kuma suka amince da Kundin Ruwan Tafkin Cadi a Injamena.

Doka dai ga ta a takarda. Amma ma'aikacin gwamnati ba zai iya tsayawa a kan kowane kwale-kwale ba, a ruwa mai ɗaruruwan tsibirai da iyakokin ƙasashe huɗu. Wanda ya san mai zuba guba da dare shi ne maƙwabcinsa. Wanda ya san inda aka kafa dumba shi ne Bulama. Wanda ya san kwalin da aka yayyafa wa magani shi ne dillalin da ya saye shi.

DARASI DAGA WASU WURARE

A gaɓar Niyufanlan ta ƙasar Kanada an yi ƙarni huɗu ko fiye ana kamun wani kifin teku da ake tsammani ba shi ƙarewa. Manyan jirage suka yi ta kwasa, masana suna gargaɗi ba a ji. A watan Yuli na 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa aikin yi, ƙauyuka da yawa suka watse. Idan teku ta iya ƙarewa, ina ga tafki?

Misalin kirki kuwa yana nan gida. A Argungu ta Jihar Kebbi, Sarkin Ruwa da masarauta sukan hana su a Matan Fada har sai lokacin bikin kamun kifi, kuma jama'a suna kiyayewa. Shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, wadda ta sami lambar yabo ta Nobel a 2009, ta binciki jama'u da dama masu tarayya a kan ruwa ko daji ko makiyaya. Ta tarar waɗanda dukiyarsu ta ɗore su ne waɗanda suka kafa ƙa'ida da kansu, suka sa ido da kansu, suka hukunta mai saɓawa daidai laifinsa. Kakannin masuntan ƙasar nan sun san wannan tun kafin a rubuta shi.

DON ME YANZU

Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya yi wa bakin tafki mummunar ɓarna. An kai wa Baga hari a watan Janairu na 2015, aka sake a Disamba na 2018. Mutane suka yi gudun hijira zuwa Maiduguri da Monguno, kamun kifi da fataucinsa suka tsaya na tsawon lokaci. A watan Satumba na 2020 Gwamnatin Jihar Borno ta soma mai da mutanen Baga gidajensu. Wanda ya dawo ba shi da komai, ba abin mamaki ba ne ya so ya mai da hasararsa cikin shekara guda. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lokacin da ake sake kafa gari shi ne lokacin kafa ƙa'ida, kafin tsohuwar al'ada ta sake yin saiwa.

ABIN DA AKE BUKATA DAGA KOWA

Masunta su haɗu a ƙungiyarsu su yarda da girman idon raga guda, kuma duk kifin da bai isa ba a mai da shi ruwa da ransa. Gidan sauro na gado ne, ba na ruwa ba.

Lawanai da Bulamai da sarakunan ruwa su keɓe wuraren da kifi ke ƙwai, su sa lokacin hutun ruwa a kowace shekara, su hana tare hanyar ruwa baki ɗaya. Ƙa'idar ta hau kan ɗan gari da baƙo, mai kuɗi da talaka, ba sani ba sabo. Shugaban da ya karɓi na goro ya kau da kai ya sayar da abincin jikokinsa.

Fatake da dillalan kasuwar hanyar Baga su ƙi sayen 'ya'yan kifi da bandar da aka sa wa magani. Abin da ba shi da mai saye ba shi da mai kamawa.

Masu banda su koma ga tanda mai tattalin itace, irin wadda aka ƙirƙiro a Corko ta ƙasar Gana a 1969, mai faifan waya da ake ɗora wa juna a kan wuta guda. Kowace unguwa kuma ta keɓe fili ta dasa itatuwa.

Malamai su tunatar a masallatai da majami'u cewa ruwa amana ne. Masu neman shawara kuwa su tuntuɓi malaman kifi na jiha, ko Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri, ko Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kamun Kifi ta Baga.

Mai cin kifi a Kano ko Kaduna ko Fatakwal shi ma yana da rabo, domin kuɗinsa ne ke faɗa wa masunci irin abin da zai kamo.

Saukar damina da cikar Shari ba a hannun kowa suke ba sai Allah. Idon raga, da ƙofar dumba, da kwalbar guba, da gatari, waɗannan suna hannun jama'a. Tarwaɗa da karfasa masu saurin hayayyafa ne. In aka ɗaga musu ƙafa na 'yan shekaru, za su sake cika ruwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.