Watanni Uku Na Ƙarshe Kafin Haihuwa

Yau za mu yi magana a kan watanni uku na ƙarshe na mace mai juna biyu, wato daga mako na 28 zuwa mako na 40. Maigida, kada ka tashi, maganar ta shafe ka. Ke ma uwar miji, ki kasa kunne.

Bari mu fara da abin da ido ba ya gani. A mako na 28 nauyin ɗan da ke ciki wajen kilo 1 ne. Kafin ranar haihuwa yakan kai kilo 3 ko ya ɗan wuce. Kun ga ke nan, wajen kashi biyu cikin uku na nauyinsa a waɗannan watanni yake samunsa. Idanunsa suna buɗewa, yana jin muryar uwarsa, yana barci yana farkawa, har shaƙuwa yakan yi. Ƙwaƙwalwarsa tana girma da sauri, huhunsa kuma yana ƙarasa ƙwari. Shi ya sa jaririn da aka haifa kafin mako na 37, musamman bakwaini, yakan sha wahalar numfashi. Wajen mako na 36 yawancin 'ya'ya sukan juya kai ƙasa, suna shirin fitowa.

To, daga ina yake samun abin gina jikin nan? Daga jikin uwarsa, ta cibiya. Abin da zai yi jini da ƙashi daga wurinta yake ɗauka, har da kāriyar da za ta tsare shi daga wasu cututtuka a watanninsa na fari. In uwa ba ta ci ta ƙoshi ba, jininta zai ragu, ta shiga naƙuda ba ƙarfi. Saboda haka a ba ta wake, gyaɗa, zogale, alayyaho, kifi, ƙwai, da madara. Ta kuma riƙa shan ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a asibiti.

Ciwon baya, ƙwannafi, yawan fitsari, da gajiya, duk sukan zo a wannan lokaci. Ba lalaci ba ne. Ta riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ta ɗan yi tafiya, in za ta yi barci ta kwanta a gefe, cikin gidan sauro, gama zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin uwa, yana kuma tsumburar da ɗa. Ɗaukar ruwa daga rijiya, daka, da faskare, a ɗauke mata su.

Zuwa awo wajibi ne. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, biyar daga ciki a mako na 30, 34, 36, 38, da 40. A can ne za a gwada hawan jini, a duba kwanciyar ɗan, a ba ta maganin rigakafin zazzaɓi.

'Yar'uwa, ki lura da motsin ɗanki kowace rana. Ke kika san lokacin da ya saba motsawa. In motsin ya ragu ko ya tsaya, kada ki jira gari ya waye, ki tafi asibiti. Haka nan in kin ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko zazzaɓi ya kama ki. Ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa, alamu ne cewa jijjiga tana iya zuwa. Kada kunyar cikin fari ta sa ki yi shiru. Naƙuda kuwa in ta wuce awa 12 a gida, hatsari ne. Doguwar naƙuda ce takan jawo yoyon fitsari, wani lokaci har a rasa ɗan.

Maigida, tun yanzu ka ajiye kuɗin mota da na asibiti. Ka yi magana da wanda zai kai ku ko da tsakar dare ne, ka kuma san wanda zai ba da jini in an bukata. Idan matarka za ta tafi gidan iyayenta goyon ciki, ka tabbata akwai asibiti kusa, ta kuma tafi da katin awonta. Ku matan zumunta, ku ziyarce ta, ku ɗebo mata ruwa, ku raka ta awo.

Allah ya sauki masu juna biyu lafiya, ya raya abin da za su haifa. Amin. Sai mun sake saduwa.