Kasuwar Bulu a Kan Tsaunin Mambila

A Nguroje ba a baza bulu, wato shuɗin yakutu, a kan tebur. Yana cikin aljihun gaba, a ƙunshe cikin farar takarda, sai an ja ka bayan shago kafin a kwance maka. Wajen 2014, lokacin da labarin shuɗin yakutun Mayo Sina ya game ƙasa, bayan shagon ma sai ka yi sa'a ka samu wurin tsayawa: 'yan Senigal, 'yan Mali, 'yan Gini, kowa da tocila da ɗan sikelinsa, masu shayi da tsire na kwana ciniki cikin sanyin nan mai shiga ƙashi. Yanzu da na koma, yawancin baƙin sun tattara, benci ya fi mutane yawa.

Akwai wani dattijon dillali da bai tafi ba, don nan ne gida. Idan aka miƙa masa dutse ba ya gaggawa. Sai ya tsoma shi a kofin ruwa, ya ɗora a bakin tocila, ya riƙa juya shi da farce. Ta wannan fuska shuɗi ne tsantsa, ta waccan ya ɗan ja zuwa kore; ƙarfe da sinadarin titaniyam da ke cikinsa ne ke ba da launin, idan ƙarfen ya yi yawa sai ya yi duhu, kuɗinsa ya faɗi. Yana auna shi a tafin hannu tun kafin ya hau sikeli, domin yakutu ya fi tsakuwa nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa yake kwanciya a gindin rariya wurin wanki. Taurinsa 9 ne a ma'aunin Mohs, daga daimon sai shi. Mai kawo fasasshiyar kwalba da aka goga da laka kuwa, dattijon ba ya ko ɗaga murya. Kumfar iskar da ke ciki kawai yake nuna masa, ya mayar masa da abinsa.

Ina zaune wani saurayi ya shigo, jar laka har gwiwa.

"Baba, ga shi, sai ka taya."

"Kai ne da kaya, ɗana. Faɗi."

"Dubu ɗari biyar."

"Ka ga tsagar nan? Dubu tamanin."

"Albarka."

Ya naɗe takardarsa ya fita, ya zaga, ya dawo. Aka yi ta ja, ana rantsuwa, ana ambaton kuɗin man injin jan ruwa, har ya sallama a dubu ɗari da hamsin. Kafin ya kai gida, ubangidan da ya ciyar da shi a bakin rami zai cire kasonsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, daga yaron har dattijon babu wanda ya san nawa dutsen zai yi idan ya isa Tailan. A can, a garin Cantaburi, ake gasa irinsa a wutar da ta haura digiri 1,500 don launin ya washe, a yanka, a goge, a sayar da karat. Giram ɗaya karat 5 ne. Nan ana sayar da laka da wahala, can ake yanka farashi, kuma duk yawona a garin ban ga injin yankan dutse ko ɗaya ba.

Camfi kam, a nan ya samu wurin zama. Masu haƙa za su ce maka dutsen na mutanen ɓoye ne, idan aka yi faɗa a rami sai ya gudu, kuma kuɗinsa ba ya zama a hannu, suna lissafo maka waɗanda suka sayi babura da safe suka ci bashi da yamma. Ba su kaɗai ba ne. 'Yan duba na Indiya suna danganta shi da tauraron Zuhal, har sai mutum ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi ya ga irin mafarkin da zai yi kafin ya sa a yatsa. Sarakunan Turai na da kuma sun ɗauke shi kariya daga guba da hassada. Da na gaya wa dattijon wannan sai ya yi dariya: "Malam, da yana maganin hassada, da ba mu raba dambe a bakin rami ba."

Fushinsa na gaske yana kan hukuma. A 2023 gwamnatin Taraba ta dakatar da haƙar ma'adinai, tana kukan ɓarnar ƙasa, kuma kukan na da tushe: ramukan da aka bari a makiyaya sun ci shanun mutane. To amma a cewarsa haƙa ba ta tsaya ba, dare ta koma, ciniki ya koma WhatsApp, inda ake tura hoton dutse wa wanda bai taɓa hawa tsaunin ba. La'adar dillali ta mutu ke nan. Masu shinge a hanyar gangara kuwa, in ji shi, su ne kaɗai kasuwar ta ƙara wa ƙiba.