Sunayen Tsirrai da Binciken Maganin Sankarar Mama: Tsokaci Daga Lambata

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa neman maganin sankarar mama daga tsirrai yana buƙatar masanin harshe, kamar yadda yake buƙatar masanin haɗa magunguna.

2.0 Tsirrai da Sankara

A shekarar 1971 ne Wall da Wani suka bayyana sinadarin Taxol, wanda aka tato daga ɓawon wata itaciya a Amurka, kuma a 1994 aka amince da shi a can don maganin sankarar mama. Aikinsa shi ne hana ƙwayoyin cutar rabuwa, ta yadda ba za su hayayyafa ba. A nan gida, gwandar daji, wato Annona senegalensis, tana ɗauke da sinadaran asitojinin, dangin waɗanda aka ga suna kashe ƙwayoyin sankara a ɗakin gwaji. Sai dai nasarar ɗakin gwaji daban, warkar da majiyyaci daban.

3.0 Matsalar Suna

Lambata, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, mahaɗa ce ta Gbagyi da Nufawa da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen ciniki. Don haka mai bincike yana iya karɓar sunan tsiro da Hausa daga bakin wanda ba ita ce harshensa na farko ba. Ko a bakin Bahaushen ma, akwai matsaloli biyu:

(a) Suna ɗaya, tsirrai da yawa. Kalmar “kauci” ta ƙunshi ire-iren tsirrai masu fitowa a jikin itatuwa. Mai magani yakan bambanta kaucin ɗorawa da kaucin kaɗanya. Idan mai bincike ya rubuta “kauci” kawai, wani ba zai iya maimaita gwajin ba.

(b) Sunan cuta. A bakin masu maganin gargajiya, “daji” yakan haɗa kumburi da gyambon da ya ƙi warkewa, ba sankara kaɗai ba. Saboda haka “maganin daji” ba lallai ne ya zama maganin sankara ba. Matar da ta dogara da shi tana iya jinkirta zuwa asibiti har cutar ta ci ƙarfinta.

4.0 Kammalawa

Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da na kimiyya. Ya kamata masana harsunan Nijeriya su ɗora a kan wannan aiki, su jera kowane suna da takwaransa na Gbagyi da Nufanci da Fulfulde, tare da samfurin tsiron da ma'anar cutar da aka ambata.