Rabon Makarantu a Tamale: Ina Muryar Iyayen Nyohini?

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar BECE ya fito, hankalin iyaye a Nyohini da sauran unguwannin Tamale yakan koma kan tambaya guda: wace sakandare za a tura yaro? Tun shekarar 2005 da gwamnatin Gana ta miƙa aikin rabon ga kwamfuta, ba shugaban makaranta ke ɗaukar ɗalibai ba. Na'ura ce ke duba makin yaro da makarantun da aka cike masa a takarda, sannan ta ba shi gurbi.

Amma fa na'ura ba ta kafa doka, mutane ke kafa mata. A zamanin marigayi Shugaba Atta Mills, wanda ya yi mulki daga 2009 zuwa 2012, an ware kashi 30 cikin ɗari na gurabe domin yaran da ke zaune kusa da kowace makaranta, wato cikin tazarar kilomita 16. Da Shugaba Akufo-Addo ya kawo karatun sakandare kyauta a 2017, sai aka ware kashi 30 na guraben manyan makarantu ga yaran da suka fito daga makarantun gwamnati. A 2018 kuma cunkoso ya sa aka raba ɗalibai gida biyu, wasu na aji wasu na hutu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye sai da ya jawo ce-ce-ku-ce a rediyo da majalisa, har a 2019 iyaye suka yi cincirindo a dandalin 'yancin kai na Akara suna neman a gyara wa 'ya'yansu gurabe.

Bugu da ƙari, iyakokin mulki ma sun motsa. A 2012 an yanke Sagnarigu daga Tamale, kowace da ofishin ilminta. Tamasco, tsohuwar sakandaren da aka buɗe a 1951, tana ɓangaren Sagnarigu ne. Saboda haka uban da bai bi diddigi ba yana iya kai kukansa ofishin da ba shi ke da hurumi ba.

To, mu 'yan kasuwa ina muke lokacin da ake wannan muhawara? Galibi muna kan hanyar Paga ko Bawku, ko muna Kumasi sarin goro. A kira taron iyaye da malamai, sai mu tura uwar yara ko wani ƙane, a yi ta bayani da Turanci da Dagbanci, su dawo ba su ce uffan ba. Takardar zaɓen makaranta kuwa, wadda ita ce tushen komai, sai mu bar wa yaro ɗan shekara 15 ya cike da abokansa. In an jefa shi wani gari mai nisa, sannan mu fara neman wanda ya san wani, ga kuɗin mota ga na guzuri. Da yawa a nan karatun 'ya'ya mata ke tsayawa.

Akwai darasi daga Amurka. A jihar Kalifoniya, wasu iyalai biyar 'yan asalin Meziko, cikinsu har da wani manomi Gonzalo Mendez, sun kai hukumomin makarantu kotu saboda ware musu 'ya'ya a makarantu na daban. Sun yi nasara a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947. Ba manyan 'yan boko ba ne, haɗa kai suka yi.

Mu namu bai kai ga kotu ba. A 2025 gwamnati ta maido da ƙungiyoyin iyaye da malamai, ga kwamitin kula da makaranta, ga ɗan majalisar unguwa. Abin da ya rage shi ne sarakunan zango da shugabannin kasuwar Aboabo su riƙa sanar da ranakun taro a masallatai, a nemi tafinta, wanda zai yi tafiya kuma ya bar wakili mai baki. Kafin a miƙa takardar zaɓe, uba ya zauna da malamin aji su duba ta tare. Hausawa dai sun ce tun ran gini ran zane.