Ciyawar Ado da Itatuwan Gida: Misali daga Maraɗi

A ƙasashen Turai da Amurka al'ada ce mutum ya shimfiɗa koriyar ciyawa a gaban gidansa, yana ba ta ruwa, yana aske ta da inji. Turawan mulkin mallaka ne suka kawo wannan al'ada ƙasar Hausa, shi ya sa aka fi ganin irin wannan ciyawa a gidajen gwamnati da otal-otal da harabar jami'o'i. Tana da kyan gani, amma ba a barinta ta yi fure balle ta yi iri. Don haka zuma ba ta samun abin tsotsa, tsuntsu kuma ba ya samun abin tsinta.

A Amurka ciyawar ado ta rufe kimanin eka miliyan 40. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware, ya wallafa littafi a 2007 yana kira ga masu gidaje su rage ta, su dasa tsirran ƙasarsu na asali. Hujjarsa ita ce, yawancin ƙwarin da ke cin ganye ba sa iya cin komai sai tsiron da suka saba da shi tun fil'azal, yawancin tsuntsaye kuwa da tsutsotsin ƙwarin nan suke ciyar da 'ya'yansu. Akwai wani ƙaramin tsuntsu a can wanda sai ya kai tsutsa 6,000 zuwa 9,000 sheƙarsa kafin 'ya'yan su tashi. Ga kuma batun ruwa: a 2021 jihar Nevada ta yi dokar hana shayar da ciyawar da ba ta da amfani sai ado da ruwan Kogin Colorado a yankin Las Vegas, daga 2027.

A ƙasar Hausa, misali mafi kusa ba a gidajen birni yake ba, a gonakin Maraɗi yake. Bayan farin shekarun 1970 an yi ta dasa baƙin itatuwa kamar darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, da turare na Ostareliya. Galibin dashen bai rayu ba. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a yankin, ya lura cewa 'yan kurarrajin ganyen da manoma ke sassabewa kowace bazara tohon kututturan itatuwa ne, saiwoyinsu na nan da rai a ƙasa. Sai ya ba da shawarar a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Wannan shi ake kira sassabin zamani. Da farko manoma sun yi ɗari-ɗari, domin an koya musu cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal, kuma doka ta ɗauki itace a matsayin mallakar gwamnati. Yunwar 1984 ce ta sa da yawa suka gwada, a cikin wani shiri na ba da abinci a bakin aiki.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Akwai sabara da kalgo da aduwa da magarya, uwa-uba gawo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa gero rana. Yana yin fure bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da furanni suka yi wa zuma ƙaranci, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da rani.

Ba don tsuntsaye manoman Maraɗi suka yi wannan aiki ba. Itacen girki da abincin dabbobi da takin gona suke nema, namun dawa suka ci albarkacinsu. Mai fili a birni ma zai iya bin wannan hanya: ya daina aske wani gefe na tsawon damina ɗaya, ya ga abin da zai tsiro, sannan ya zaɓi wanda zai bari.